Babakura Grema, Wanda Ya Hana Kwamfuta Gaggawa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Aminci ya tabbata a gare ku.

Mai girma wakilin Gwamna, wakilin Perfe, Magajin gari, iyayenmu limamai da bulamomi, shugabannin koperatif ɗin manoman tattasai, malaman lakwal abokan aikin marigayi, Ya Kellu mai ɗakinsa, ƴaƴansa Rashida da Ammar, da jama'ar Gueskérou da Baroua da kuka sha hanya: wushe, sannunku da zuwa.

Kafin in shiga abin da ya tara mu, kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin isar da wata sanarwa da ya daɗe yana muhawara a kanta. An yanke cewa takalma a hagun ƙofa za a ajiye su, ba a dama ba. Waɗanda suka riga suka ajiye a dama, kwamiti ya yafe musu. Na sauke nauyi.

An zaɓe ni in yi magana a kan Mushe Babakura Grema, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan, saboda mun daɗe muna koyarwa a lise ɗaya, wato sakandare, ni tarihi, shi lissafi da kwamfuta, kuma saboda ba wanda ya kai ni musu da shi.

Ya kasance mutum mai ƙarancin magana, sai dai in ka yi gangancin tambayarsa dalilin abu. Ya kasance ba ya yarda da kalmar "kawai". In ka ce masa injin ban ruwa ya mutu kawai, sai ya dube ka kamar ka zage shi. Ya kasance mai haƙuri da na'ura fiye da yadda yake haƙuri da kwamiti, kuma a nan ban ga laifinsa ba.

Mun san kogin nan namu, Komadugu. Ita ke ba mu tattasai, ita kuma ke zuwa ta kwashe shi in ta ga dama. Babakura ya rubuta wa koperatif wata manhaja. Mutanen ƙauyukan yamma su auna ruwa da safe su bugo waya, shi ya zuba alƙaluman a tsohuwar kwamfutar biro, wato ofishin koperatif, ita kuma ta lissafa gonakin da ruwa zai hau. Daga nan a kai wa Kubra, mai karanta labaran azahar a rediyo, ta faɗa da Barbarci da Hausa. Wanda ya ji sunan fadamarsa sai ya janye injinsa daga bakin kogi, ya ɗauke irin da ke cikin reno. Haka abin ya yi ta tafiya lafiya lau, har muka manta akwai mutum a bayansa.

Sai wata shekara da ruwa ya taso da ƙarfi. Kafin damina Babakura ya sabunta abin da yake kira tafinta, wato manhajar da ke mayar da rubutun mutum zuwa harshen da na'ura ke ji. Masu sabon tafintan sun yi alkawarin sauri. Da aka kunna, lissafin da a da yake ƙarewa kafin Kubra ta zauna gaban makirho, yanzu sai bayan ta yi sallama yake fitowa. Labarin ruwan yau ya koma na gobe. Mayar da tsohon tafintan kuma ya gagara, don sauran kayan aikin sun riga sun bi sabon.

Bulama Alkali na Gueskérou, ga shi can zaune, ya zo biro da kansa. Ina wurin.

Ya ce, "Mushe, akwatin naka ya tsufa ne ko azumi yake yi?"

Babakura ya ce, "Sauri yake yi, Bulama."

"Sauri? To Allah ya raba mu da irin saurinku na ƴan boko. Injunanmu suna bakin ruwa. Mu janye ko mu bari?"

"Ba ni lokaci kaɗan."

"Ni zan ba ka. Kogin fa, ka tambaye shi?"

Nan na sa baki, tunda ni ba na rasa ra'ayi. Na ce na'ura ta tsufa, a nemi sabuwa daga Yamai. Kwamitin koperatif ya goyi bayana, abin da ya kamata ya sa in yi shakka. Babakura ya ce kafin sabuwa ta iso ruwa ya gama aikinsa, kuma in ba a san dalilin jinkirin ba, to jinkirin ma zai bi mu zuwa sabuwar.

Da ya gano, a wajen shan shayi ya bayyana mini, ko da yake ban roƙe shi ba. Ya ce ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da sito, tana kuma da mai tsaron ƙofar sito. In aka kawo tiyar tattasai za a ajiye, sai wani ya zo nan take yana neman wannan tiyar, mai tsaron ƙofa ba ya jira ta shiga ciki, miƙa masa yake yi hannu da hannu. Saurin na'ura da yawa daga wannan miƙawar yake. Shi kuwa sabon tafinta ya ga ɗaukar tiya ɗaya-ɗaya ƙauyanci ne, sai ya sa a riƙa neman huɗu a ɗauka guda. Amma ajiyewar tana nan ɗaya-ɗaya. Mai tsaron ƙofa bai iya haɗa tiya huɗu a hannu ba, sai ya ce a tsaya, duk su shiga sito su zauna, sannan a fito da su. Wannan tsayuwa ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ana yin ta a kowane taƙi na kogin, daga Diffa har Bosso.

Na ce, "Wato dai ya yi wayo ne ya makara."

Ya ce, "Ba wayon ne laifi ba. Bai duba yadda aka ajiye kayan ba."

Maganin layi ɗaya ne na rubutu a cikin manhajar, da ya hana tafinta haɗa ɗauka a wannan wurin kaɗai. Sauran wuraren ya bar shi da wayonsa, don a can yana da amfani. Washegari lissafi ya fito da wuri, Ammar ya kai shi rediyo a kan moto, Kubra ta karanta sunayen fadamu. Mutanen Gueskérou suka janye injuna. Ruwa ya zo ya ci gonakin da aka ambata, ya tarar ba inji ko ɗaya. An yi asarar shuka, ba na ɓoyewa, amma an samu abin sake ban ruwa da shi bayan kogi ya koma. Bulama ya aiko masa da busasshen kifi, tare da saƙon cewa akwatin ya sha ruwa.

Ya kasance ba ya neman a gode masa, mu kuwa muka girmama wannan hali nasa fiye da kima. Ba a taɓa ambaton sunansa a rediyon ba sai ranar sanarwar rasuwarsa.

Ya Kellu, ke kika san yawan abincin da ya huce yana jiran mutumin nan ya ɗago kai daga allo. Wannan haƙurin naki yana cikin kowane inji da aka janye. Ammar, ka riƙe mahaifiyarka. Rashida, ke kika karanci fanninsa a Damagaram, koperatif kuma ta miƙa miki aikin. Ruwan bana yana tafe, kwarin nan duka ke yake saurare. In kwamiti ya matsa miki, ki yi yadda mahaifinki yake yi, ki gaishe su da ladabi ki ci gaba da aikinki.

Muna godiya ga hukumomi, da limamai, da duk wanda ya bar gonarsa ko rumfarsa ya zo. Allah ya jiƙan Babakura, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa amfanin da ya yi wa mutane ya zama nauyi a mizaninsa. Allah ya ba iyalansa dangana, ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.

Saura magana ɗaya kafin liman ya karɓa. Sabuwar kwamfutar ta iso daga Yamai bayan mun binne shi. Na roƙi Rashida ta cire layin nan ta gwada, ina tsaye a kanta. Sabuwar ma ta tsaya a ƙofar sito. Ba tsufa ba ne. Ni ne na yi kuskure.