Baba Sai-Jibi da Zoben Haske

Assalamu alaikum. Shugaban asibiti, manyan likitoci, 'yan'uwana ma'aikatan jinya, Inna mai ɗakin marigayi, Auta 'yarsa kuma magajiyarsa a ɗakin gwaji, da sauran jama'a, sannunmu da wannan rashi.

Mu dai Baba Sai-Jibi muke ce masa. Mace za ta zo tana cije leɓe, fitsari na ƙona ta, ta ce, "Baba, faɗa min sunan maganin kawai in saya." Sai ya karɓi 'yar kwalbar fitsarinta ya ce, "'Yata, je ki likita ya sassauta miki. Amma ainihin maganinki, sai jibi. Bari mu ji ta bakin cutar tukuna."

Ya kasance manomi a cikin faranti. Yakan shuka ƙwayoyin cutar, ya jera 'yan takardu masu magani a kai, ya rufe. In an kwana biyu, sai ya ɗaga farantin saitin taga. Maganin da ya fi ƙarfin cutar, za ka ga fili fes ya kewaye shi, kamar hasken da ke kewaye wata. Yakan tsaya yana kallo har shayinsa ya huce.

Ya kasance mai nema wa mutane hanyar gida. In zoben hasken nan ya fito a kan maganin haɗiya, har da ɗan gudunsa zuwa wurin likita: "Wannan ba sai an kwantar da ita ba, ta koma wurin 'ya'yanta!"

Ya kasance mai faɗa kuma, Inna shaida ce. Ka sha rabin magani ka miƙa wa maƙwabciya saura, sai ya ce, "Kokawa kuke koya wa cuta." Yakan ce da yana saurayi faranti cike yake da watanni, yanzu kullum ƙanƙancewa suke. Mukan yi dariya, mu ce tsufa ne ya taɓa masa ido.

Da ciwon ya zo kansa, ya hau har ƙoda. Auta, ke kika ɗaga farantin mahaifinki, ba ki ga zobe ko ɗaya ba. Tun ranar ba ki sake taka ɗakin gwajin ba. Mun sani, kuma abin yana cin ranmu. 'Yata, ba ke kika kashe hasken ba, abin da ke ciki kawai kika karanta, yadda ya koya miki.

Har yau in na wuce da safe, sai in ga kamar yana tsaye a bakin taga, hannu a sama. Tagar tana nan, Auta. Jiya wata mai jego ta kawo kwalbarta, tana roƙo kada a raba ta da jaririnta. Ban san sanda bakina ya ce mata "sai jibi" ba. Gobe ke nan. Farantinta na jiran idonki.

Mun gode muku duka. Allah ya gafarta wa Baba, ya kewaye makwancinsa da haske mai faɗi, ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.