Ɗan Farina Ya Durƙusa, Na Tashi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni tsoho ne daga Katuru, maƙwabcina ke rubuta mani.

Na san tarihin kowane gida a garinmu, amma nawa ya gagare ni. Ɗan farina dakon hatsi yake a kasuwar Shinkafi, can ya koyi shan ƙwaya. Mu kuwa yadda munka gada, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle hira da shi.

Da Shari'a ta zo, tsoro ya kama shi. Ya durƙusa gabana a zaure ya ce, "Baba, ina son in bari, na kasa." Na ce, "Kai, tafi wurin baffanka," na saɓa fartanya na nufi gona. Har uwarsa ta ce, "Malam, wurinka fa ya zo." Na ce ba a sake mani al'ada da furfurata.

Tun ranar bai dawo ba. An ce an gan shi a tashar Ƙaura, ya rame.

Jama'a, ta ina uba ke fara wannan magana? Mai gabatarwa, faɗi wannan da ƙarfi: Sanusi, ubanka ke kira. Dawo, wannan karon ba ni tashi.