Na Yi wa Kashin Shanu Rumfa a Agege

Salamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Ni ce Dije mai kindirmo, daga Agege.

Shanu huɗu nake tatsa a bayan gida, da su nake ciyar da 'ya'yana. Laifina ɗaya ne, kuma na amsa shi: na tara kashinsu a fili yadda muke yi a ƙauye, ina jiran rana ta busar. Ashe ruwan Legas ba ya ɗaga ƙafa. Tsibin ya jiƙe, ya gangara kwata, wari ya cika layi.

Shugaban masu gidajen layinmu, Baba Lamidi, ya ce ko in sayar da shanun ko in tashi. Na ce a ba ni wata biyu. Na cire kwanon rumfar girkina na rufe tsibin, ina zuba masa garin katako, ina juya shi duk Juma'a. Har dariya aka yi mini, wai na gina wa kashi ɗaki.

Jiya Baba ya zo, tun daga ƙofa ya toshe hanci, wai har yanzu ana wari. Na nuna masa wani buhu ya zauna, na kawo kindirmo. Ya shanye tas, ya nemi ƙari. Sai na ce, "Baba, ai a kan takin kake zaune."

To, ni da shanuna ba inda za mu. Masu sauraro, ku ba ni shawara: warin hanci na magance shi, na zuciya fa, wane garin katako ake zuba masa?