Albarushin Gwada Kare

Ranar kasuwar Tsafe ina zaune da daddawata kusa da rumfar mai albarushi, sai ga wani mafarauci ya jawo karensa.

"Malam, albarushi nika so, ba harsashi. Ƙara kawai."

"Mai tari ko mai tsawa?"

"Mai tsawa. Gobe Sarkin Baka zai gwada karnuka a Bungudu. Za a harba, kare ya zauna cik, sai an ce ɗauko sannan ya je ya ɗauko zabon da aka harbo. Wanda ya zabura an cire shi daga farautar bana."

"Fara da mai tari, ka cusa tsumma kaɗan. Mai tsawar nan da aka harba shi a ƙauyenmu, sai da mutane suka bar takalmansu a masallaci."

"Karena Duna ba ya motsi. A gindin kunnensa nika harbawa, safe da yamma, tun yana kwikwiyo. Ko ƙiftawa ba ya yi."

Mai albarushi ya ɗauki kwanon awo ya doka shi da ƙasa ta bayan karen. Ni na zabura har daddawata ta zube. Karen yana ta kallon ƙuda.

"Malam, wanga kare ai ka kurmantar da shi."

"Natsuwa ce."

"To in an ce ɗauko, wa zai ji?"

Mafaraucin ya sosa ƙeya.

"Ai ni ina ji. Shi ya zauna, ni in ruga in ɗauko. Haka muka saba."

"Ashe kai za a gwada gobe. Zauna nan in harba mu gani."