Tsumman da Alhaji Miftah Ya Manta a Salansa

Da sunan Allah mai rahama. Mai girma mai garinmu Umda Fathalla, Malam Liman, dattawan Bawiti, direbobin sahara, uwar gida Hajiya Zahiya, Ratib ɗan marigayi da ƙannenka, Allah Ya ba mu haƙuri.

Ni ne Garib. Ban yi makaranta ba, amma babu mota ɗaya a garin nan da ban san ranar da ta shigo ba. Masu rubuta maganata, ku rubuta yadda na faɗa. Zan sa mutum biyu su karanta mini, kowa daban.

Yau kwana arba'in da muka binne Alhaji Miftah. Ya kasance idan mota ta ɓace a cikin yashi, ba a aika masa. Kafin a gama salati ya cika jarkoki ya tafi. Ya kasance mai kai mana marasa lafiya birni a shekarun da hanya ba ta da kwalta. Ya kasance mai taurin kai, kuma ni da nake faɗa na san abin da nake faɗa. Shekara talatin da huɗu yana tuƙa tsohuwar jif ɗin nan mai shan gas, shekara talatin da huɗu ina gefensa ina ce masa ya yi kuskuren hanya.

Bara ya ce zai mayar da salansarta biyu. Na ce, "Alhaji, hanci ɗaya ya kai ta har garin Siwa ya dawo da ita, me na biyu zai yi?" Ya ce, "Kai da hanci biyu kake numfashi, tsohon banza, ita ce ba ta so? Tudu yana wahalar da ita." Ya kai wa Usta Shahhat mai walda, ga shi can zaune bakin ƙofa shi kaɗai. Ban yarda da aikin ba tun ranar. Kwana uku ina tsugune a garejin ina kallon hannunsa, har ya ce, "Baba Garib, ko dai in ba ka wutar ka yi?" Ya raba bututun gida biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Motar ta riƙa hawa tudu kamar budurwa. Duk da haka ban yarda ba.

Kun san sauran. Ranar guguwa Alhaji ya taso daga rijiya, gilasai a rufe, hayaƙi ya cika motar, kansa ya juya, ta kife da shi a gangare. Daga nan magana ta tashi cewa waldar Shahhat ce ta buɗe. Ba wanda ya sake kai masa mota. An daina amsa sallamarsa a kasuwar dabino. Kai kuma Ratib ka rantse gobe za ka kai shi ƙara.

Wa ya fara wannan magana? Ni ne. A bakin kabari na faɗa, uku daga cikinku sun ji, kuma na ga yadda kuka yi saurin kai ta gari. Musamman masu gareji biyu da nake kallo yanzu, waɗanda aiki ya yi musu yawa a kwanakin nan. Ku ma ban yarda da hawayenku ba.

Amma ni ba na yarda da magana don an faɗa, ko da ni na faɗe ta. Shekaranjiya na je inda aka ajiye motar, na kwanta ƙarƙashinta da wannan bayan nawa. Na bi waldar da yatsa tun daga inji har wutsiya. Ba tsaga ko ɗaya. Na ce ƙarya ne, na sake bi. Sai na zura waya a bututun hagu, ta ƙi shiga. Na jawo wannan.

Ku duba. Direbobi, kun san shi. Duk wanda ya tsaya a sahara yakan toshe salansa da tsumma saboda yashi da ɓeraye, ya cire kafin ya tayar. Na fara zargin wani ne ya cusa. Na ƙirga maƙiyan Alhaji, na samu huɗu, biyu sun mutu, ɗaya ba ya iya sunkuyawa, na huɗun ni ne. Sai na warware tsumman. Yankin tsohon rawaninsa ne, da ɗaurin da shi kaɗai ke yi, ƙulli biyu da wutsiya. Na kai wa Hajiya. Ta shafa shi ta ce, "Ni na yanka masa. Guda biyu na yanka."

Biyu ya toshe, jama'a, ɗaya ya cire. Shekara talatin da huɗu hannunsa ya saba zuwa dama ya zare ya shiga mota. Guguwa na dukan fuskarsa, hannun ya yi abin da ya saba. Hayaƙin da ya rasa hanya ya ɓalle tsohuwar mahaɗar bututun da ke ƙarƙashin kujera, wadda wutar Shahhat ba ta taɓa ba.

Ratib ɗana, na san ya fi sauƙi a ce wani ne. Ni ma na so haka, don in samu wanda zan zaga. Mahaifinka bai taɓa barin mutum a cikin yashi ba, ko wanda suke gaba. Ga mutum can mun bar shi kwana arba'in. Ni zan fara tashi, don bakina ne ya kai shi can. Usta, ka yafe mini. Ratib, kama hannuna, gwiwata ba ta kai ni ƙofa ni kaɗai.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah Ka jiƙan Miftah, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa sanyi a zuciyar iyalinsa, Ka tsare harsunanmu daga abin da idanunmu ba su gani ba. Malam Liman, a yi Fatiha, mu muna tafiya.