Man Birkin da Ya Tsiyaye a Hanyar Lau

Ina gaishe ku, iyaye da 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, amma a unguwar Barade, nan Jalingo, an fi sanina da Maman Ladi. Ni ce matar marigayi Ishaya direba. Na daɗe ina so in tsaya a gabanku, bakina ne ya yi nauyi.

Maigidana yana da wata tsohuwar akori-kura. Tun kafin a ba mu jiha yake bin hanyar Lau da ita, ya kai 'yan kasuwa, ya dawo da shinkafa da busasshen kifi. Ba ya sha, ba ya gudu a hanya.

Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida aka zo aka ce in bar abin da nake yi. Motar ta sauko gangara, ta bugi ƙarfen wata ƙaramar gada, ta kife. Fasinjoji sun ji rauni amma sun tsira. Shi kaɗai ya tafi. Wata mai kifi da ke zaune a gaba ta gaya mini ta ga yana ta taka birki, ƙafarsa tana kaiwa ƙasa kamar babu komai a wurin. Ta ce bai yi ihu ba. Cewa ya yi su riƙe da kyau, sannan ya karkatar da motar yadda gefensa ne ya sha bugun.

A ƙauyensu kusa da Lau muka binne shi. To, kafin wannan, shi da wansa, Yaya Bulus, sun yi rikici a kan fadamar ubansu, har Yaya Bulus ya ce masa a gaban mutane, "Ishaya, za ka gani." Bayan biso gwaggon maigidana ta jawo ni bayan rumbu.

"Rifkatu, birki ba ya ɓacewa da rana tsaka haka kawai," in ji ta. "Ɗaure shi aka yi. Ki kula da 'ya'yanki. Wanda ya ci uba ba zai bar ɗa ba."

Daga ranar tsoro ya shiga gidana. Ina zuwa sujada, ina rera waƙa a zumuntar mata, amma tsoro bai sake ni ba. In ɗana Dauda ya ce kansa na ciwo, sai in tsare shi a ɗaki. Na sha hana shi zuwa makaranta. Da kaka ta yi, Yaya Bulus ya aiko mana buhun shinkafa, na haƙa rami na zuba, alhali tukunyata ba komai. Da ya zo Jalingo da kansa, na kulle kaina a ɗaki da Dauda. Ina jin sa a ƙofa yana tambayar 'yata Ladi, "Mamanku fa?" Ya daɗe a tsaye kafin ya tafi.

Na rame har zane ba ya zama a ƙuguna. A asibiti suka ce hawan jini ne. Ina shan magani, ba na samun sauƙi. Kusan shekara biyu ina cikin wannan hali.

Mama Saratu, shugabar zumuntarmu, ita ce ta zo ta zauna a tabarmata ta ƙi tashi sai na yi magana. Na gaya mata komai. Ta ce, "'Yata, ban san abin da ya kashe mijinki ba. Amma ina ganin abin da yake kashe ki." Muka durƙusa. Ni ban iya doguwar addu'a ba. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Yesu, na gaji da tsoro. In gaskiya ce, ka tsare mu. In ba gaskiya ba ce, ka nuna mini."

Ba a daɗe ba Malam Buba makanike ya aiko. A garejinsa aka jawo motar aka ajiye tun bayan hatsarin. An sami mai son injin, shi kuma ba ya so ya kwance komai sai a gabana. Ban so zuwa ba. Mama Saratu ta raka ni.

Na tsaya nesa, na kasa kallon inda maigidana yake zama. Malam Buba ya shiga ƙarƙashi yana kwance-kwance. Ya fito riƙe da wani siririn bututun ƙarfe, duk tsatsa.

"Maman Ladi, matso ki gani."

Ya kankare shi da wuƙa, ya toshe baki ɗaya da yatsa, ya hura. Na ji iska a bayan hannuna, daga wata 'yar tsaga a tsakiya. Ya ce birki da mai yake aiki. In direba ya taka, man ne yake bi ta wannan bututu ya kama taya. Wannan kuwa yana gugar ƙarfen motar har ya huje, man yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Ranar da aka taka da ƙarfi, ga kaya ga gangara, sai hujin ya buɗe, man ya zube gaba ɗaya. Ya nuna mini ƙarƙashin motar ta baya, inda tsohon mai ya haɗu da ƙasa ya daskare.

"Inda yake ajiye ta a gida, ba kya ganin ɗigo?"

'Yan'uwa, ina gani. Kullum da safe in ina shara nakan ga ɗan jiƙo kusa da tayar baya, in zuba toka a kai. Na ɗauka halin tsohuwar mota ne.

Malam Buba ya ce kafin hatsarin Ishaya ya zo masa yana cewa man birki na raguwa a kwalba, birkin kuma ya yi laushi, sai ya taka sau biyu yake kamawa. Suka canja roba a gaba, suka cika mai, birkin ya yi ƙarfi. "Gaba muka duba," in ji shi, idonsa ya kawo ruwa. "Ba mu bi bututun har baya ba."

Na ce, "Malam, ba hannun mutum?"

"Tsatsa ce, Maman Ladi. Ga ta a hannunki. Ajali kuwa na Allah ne."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi kuka. A ranar na fara yi wa mijina kuka na gaskiya, domin a dā tsoro bai bar mini wuri ba.

Na kwashi yara muka tafi ƙauye. Da ƙyar na gane Yaya Bulus. Mutane sun guje shi, ko a coci ba mai zama benci ɗaya da shi. Fadamar da suka yi rikici a kanta ciyawa ta cinye, bai sake taka ta ba. Na durƙusa na miƙa masa bututun, na gaya masa abin da makanike ya ce, a gaban gwaggo da sauran dangi. Ya yi ta juya shi a hannu.

"'Za ka gani' ɗin nan ita ce magana ta ƙarshe tsakanina da ƙanena," ya ce. "Ni kaina har na fara zaton bakina ne."

Ya jawo Dauda ya ɗora hannu a kansa, ni kuma ban hana ba.

Da daminar da ta biyo baya, Yaya Bulus ya rasu. Muna wurin. Dauda ne ya ba shi ruwan ƙarshe.

Mijina bai dawo ba, har yanzu ni gwauruwa ce, akwai ranakun da suke da wuya. Amma ina barci, ina cin abinci, jinina ya sauka, 'ya'yana sun san gidan ubansu. Na gode wa Yesu! In akwai wanda ya shigo yau da tsoron da ya kasa gaya wa kowa, ina roƙonka, ka gaya wa Ubangiji yadda yake, ko da kalma biyu ce. Ya ji tawa, zai ji taka. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.