Jarrabawar Gyaran Injin Caca

A jirgin fiton birnin Panaji, Perpetua tana bitar zanen wayoyin lantarki, sai ta lura wani dattijo na leƙen littafinta.

"'Yata, rediyo ne wannan?"

"Injin caca ne, Baba. Wata shida ina koyon gyaransa, yau ce jarrabawa. Za su lalata ɗaya da gangan, su ba ni rabin awa in gano matsalar. In na faɗi, wani za a ba aikin."

"Daga ina za ki fara?"

"Daga wuta. Sannan bakin karɓar kuɗi, shi ya fi cijewa."

Dattijon ya gyaɗa kai. "Shekara arba'in ina gyaran rediyo. Ƙattin da na koya wa sai sun kwance komai kafin su tuna da wuta. Wa ya ɗora ki a hanya?"

"Ni kaɗai na fara, da fankar gidanmu. Mahaifina cewa ya yi ba aikin mata ba ne."



"Haka na ce wa tawa 'yar," dattijon ya ce a hankali. "Je ki ci jarrabawar nan. Ni kuma yau zan kira ta."